Badaru da Turakun Gonar Suruka

In ka shiga kasuwar Haɗejia ka tambayi inda Badaru mai gyaran rediyo yake, za a tsaya ana tunani, don masu wannan sana'a sun yi ƙaranci tun da waya ta zo ta cinye musu abinci. Amma ka ce Badaru Mai Sanda, to ko mai tallan goro zai nuna maka da baki: ga shi can bayan 'yan kifi, shagon da ƙamshin banda ya kama har cikin rediyoyi. Shi ne mutumin da ya fita neman yaƙin da aka gama tun ba a haifi kakarsa ba, ya kusa barin surukarsa ba gona. Gyara zama ka ji yadda aka yi.

Badaru dogo ne siriri, mai ɗan gemu kamar an ɗiga masa da tsinke. Asalinsa Bafulatani ne, amma irin Fulanin da rabonsu da saniya tun kakanni. A cikin gari aka haife shi, a cikin gari ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba. Abin da hannunsa ya sani shi ne waya da darma da ƙananan kusoshi. Abin da zuciyarsa ta sani kuwa shi ne labarin shekarar da Nasara suka zo wa Haɗejia da igwa. Kakarsa ce ta dasa masa wannan tun yana kwanciya a cinyarta. Ita ma ji ta yi daga manya, amma in tana faɗa sai ka rantse ita ta riƙe wa sojojin dawakansu. Takan ce kafin a gwabza, sojan Nasara sun yada zango a wani ɗan tudu cikin fadama, suka kafa tantuna farare kamar balbelu sun sauka. Ina ne wurin? Wannan tsoho ya ce gabas, wancan ya ce kudu, wani ya ce kogi ya cinye shi tuntuni. Badaru ya girma da wannan tambaya a maƙale a ransa kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Ana nan sai wani saurayi ya dawo daga haƙar zinare can cikin hamadar Nijar. Bai samo zinare ba, sai tari da wata na'ura da ta lalace. Ya kawo wa Badaru gyara. Abu ne kamar sandar gurgu, a ƙasanta an maƙala wani abu mai faɗin faifai, a samanta ɗan akwati da abin sawa a kunne. In ka shafa faifan a kan ƙasa, duk inda ƙarfe yake a binne sai ta yi tsuwa. Badaru ya buɗe cikinta, ya like abin da ya tsinke, ta farfaɗo. Da saurayin ya zo ya ji ta yi tsiii, sai ya toshe kunne ya ja da baya.

"Malam, riƙe ta, na bar maka duniya da lahira. Ni in na ƙara jin kukan nan sai an ɗaure ni."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Jingine da shagon Badaru akwai rumfar Gana mai sayar da banda. Gana Babarbare ne, ƙato, mai zane a fuska, irin wanda tumbinsa kan riga shi shiga masallaci. Ka kuwa san abin da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare: wasa ne tun na kakanni. Kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, a gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Su biyun nan sun shekara da shekaru suna wannan kokawa, ba wanda bayansa ya taɓa ƙasa.

Da rani ya yi aka girbe shinkafa, fadama ta buɗe. Ba shinge, ba mai tambayarka ina za ka, shanu ma shiga suke su yi kiwo a kan kututture. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai Badaru ya rufe shago, ya ɗaure sandarsa a bayan babur kamar mai tafiya farauta, ya nufi fadama. Washegari ya zazzage jaka a kan teburi, Gana ya leƙo.

"Me ka samo mana, Jauro marar saniya?"

"Abin da idon Babarbare ba zai gane ba."

"Wannan ai murfin lemo ne."

"Juya shi ka gani."

"Na juya. Murfin lemo ne a kife."

Gaskiya dai murfin lemo ya fi yawa, sai gwangwanin tumatir, da ƙugiyar masunta, da darmar da ta zube daga bakin birgi, ragar nan ta kamun kifi. Amma ba a rasa na kirki ba. Ya samu kwanson harsashi da ya yi kore shar, da wani maɓallin tagulla, da rabin likkafa. Gana ya ce na maharba ne da na 'yan sukuwa, Badaru ya ce hassada ce irin ta bayi. Ya share wa kayan wuri a kan kanta, ya ture gawawwakin rediyoyi gefe, duk wanda ya kawo gyara sai ya sha tarihi kafin a buɗe masa rediyo.

Wata Juma'a, can wajen wata goruba da ke tsaye ita kaɗai kusa da wani suri, sandar ta ƙwalla ƙarar da ba ta taɓa yi ba. Badaru ya durƙusa ya yi ta tono har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa. Sai ga wani turken ƙarfe, tsawon kamu guda, mai tsini a ƙasa, kansa a lanƙwashe kamar an yi shi don a rataya igiya. Ya miƙe ya ci gaba da shafa ƙasa, kafin la'asar ta yi sanyi ya ciro wani irinsa sak can nesa. Juma'a ta zagayo ya ciro sauran biyu. Da ya tsaya ya dubi ramukan, sai ya ga sun yi kusurwa huɗu, tsaf kamar an auna da igiya.

"Turakun tanti ne," in ji shi da ya jera su gaban Gana. "Na gano zangon soja. Abin da ya gagari tsofaffin garin nan, ga shi a hannun ubangijinka."

Gana ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya tambayi tazarar da ke tsakaninsu. Da ya ji, sai ya cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa.

"Wannan tanti ai ya fi kasuwar kifi girma. Nasaran da giwaye suka zo?"

"Tantin babban su ne. Kai da a bukka aka haife ka, ina za ka sani?"

To ga abin da Badaru bai sani ba, wanda Gana ya gane tun kallon farko, don shi ɗan manoma ne kafin ya zama ɗan kifi. Gonar tudu iyakarta na nan inda aka bar ta. Gonar fadama kuwa ta kogi ce, shi yake ba da aronta, in ya ga dama ya zo ya shafe komai ya koma. Yawancin mutane jema suke dasawa a kan iyaka, ciyawar nan mai riƙe ƙasa. Amma babban ruwa har jema yakan tumɓuke. Shi ya sa tsofaffin wannan yanki suka ƙara da wata dabara: sai su binne ƙarfe mai zurfi a kowace kusurwar gona, a gaban shaidu. Ba mai taɓa shi, ba mai maganarsa, sai ran da rigima ta tashi a tono a raba gardama.

Kuma gonar da Badaru ya zare wa haƙora ta Hajo ce, uwar matarsa Bashira. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata wannan gona kaɗai, da ita take ci, da ita take riƙon jikokinta marayu. Kowace shekara Badaru na cin shinkafar gonar nan har ya sha ruwa ya yi gyatsa, amma bai taɓa sanin inda take ba. Ta ina zai sani? Tsakanin suruki da suruka sai kunya. In ya je gaisuwa daga bakin zaure yake durƙusawa, ido a ƙasa, ya ce ina kwana, ta ce lafiya, ya tashi da baya da baya. Wa ya ga suruki na tambayar surukarsa inda dukiyarta take?

Gana ma bai san gonar wa ce ba. Ya dai san ta wani ce, kuma ya ga Bafulatani ya faɗo tarko da ƙafa biyu, ai sakin irin wannan asara ce. Sai ya ɓata fuska ya rage murya.

"Jauro, wasa a gefe. Da ka ciro, me ka bar musu?"

"Su wa?"

"Masu wurin mana. Kai kana ganin fadama ba kowa? Wanda ya ɗauki ƙarfe a ƙasarsu bai mayar da ƙarfe ba, wuyansa suke fara murɗewa. Kuma ba kowane ƙarfe suke karɓa ba, kada ka ce za ka kai musu kusoshin rediyo. Sai ƙarfen da ya taɓa cin abinci a gidanka."

"A'uzu billahi! Wannan camfi ne irin na Barebari. Ni na yi karatu."

"To madalla. Allah ya ba wuya lafiya."

Mutumin da ya wuni a sunkuye yana shafa ƙasa da sanda, ai ko ba aljani wuyansa zai yi magana. Washegari Badaru ya tashi wuya a sanƙare, in zai dubi gefe sai ya juya gaba ɗaya kamar ƙofa. Ya jira Bashira ta shiga wanka, ya buɗe kabad ɗin da take adana kayan aurenta, ya zaro cokula huɗu na silba masu fure a gindi. Ya koma fadama, ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya jefa wa kowanne cokali har ƙasa, ya yi sallama ya rufe. Kwana biyu wuya ya saki. Wannan kuma ya ƙara masa wani abin da ba zai gaya wa Gana ba.

"Malam, ko ka ga cokulana masu fure?" in ji Bashira.

"Ni da cokali? Ai kin san ni da hannu nake cin tuwo."

Bashira ta yi nazari, ta ɗora laifin a kan maƙwabciyarta Zainaba mai yawan aro. Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Turakun kuwa Badaru ya goge su da man inji ya rataye a bangon shago. Har malaman makaranta sukan tsaya su kalla. Ya yi ƙiba a wannan rani, ba a jiki ba, a murya.

Damina ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Kogi ya cika ya batse ya haura, ƙauyuka suka koma shiga da kwalekwale, mutanen gari suka yi ta jera buhunan yashi suna addu'a. Da ruwa ya janye, fadama ta fito sumul kamar tafin hannu. Laka sabuwa ta rufe komai. Ba kunyar gona, ba jema. Gorubar nan ta tafi, surin ya narke.

Maƙwabcin Hajo a gona shi ne Safiyanu. Mutum ne mai sallah da gaisuwa, aibinsa ɗaya: gonarsa ba ta iya zama wuri ɗaya. Duk shekarar da aka yi ambaliya sai ta ɗan miƙe ƙafa. A bana kuwa kwanciya ta yi ta yi miƙa, har ta kusa kaiwa tsakiyar ta Hajo. Ya kafa ƙirare ya ce nan ce iyaka, ya kawo mutum biyu da suka ce su ma haka suka tuna. Hajo ta ce akwai ƙarfe. Aka yi ta tono inda take zato, gona ta koma kamar gidan gafiya, ba ƙarfe ba alamarsa. Bulama, mai garin yankin, ya ce lokacin shuka alkama na wucewa, ba za a zauna jira ba. Ya sa ranar Asabar: in an ga ƙarfe, to, in ba a gani ba, ƙiraren Safiyanu sun zauna.

Bashira ta dawo daga gidan uwarta ido jajur. Ta ajiye wa Badaru abinci, ta zauna gefe.

"Malam, Inna ta ce a roƙe ka. Ta ce ta ji kana da sanda mai jin ƙarfe. Ka taimaka ranar Asabar ka gano mata turakun gonarta, in ba haka ba rabin gonar ya tafi."

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Badaru, ya gyara zama, don ba a taɓa neman sandarsa da girmamawa haka ba. "Wane irin ƙarfe ne?"

"Ta ce tsawonsu kamu guda, da tsini, kansu a lanƙwashe. Ɗaya yana kusa da inda goruba take a da, wajen suri."

Loma ta tsaya wa Badaru a tsakiyar hanya. Ya yi ta tari har Bashira ta ɗebo ruwa tana buga masa baya tana cewa sannu.

Da ya isa kasuwa ya ja Gana bayan rumfa ya zayyana masa. Gana ya yi dariya har ya zauna a kan kwandon banda ya fasa shi. Can ya share hawaye.

"Gonar wa ka ce ma?"

"Ta Inna. Uwar Bashira."

Dariya ta ɗauke. "Hajo mai marayu? Subhanallahi. Da na san tata ce da tun ranar na kora ka ka mayar."

"Da ka san? Wato ka san ko mene ne su?"

"Kowa ya sani ban da Bafulatani. Ku ai iyakar gona da bakin saniya kuke gane ta. Inda aka biyo ku da gora, nan ce iyaka."

Badaru ya buɗe baki zai yi fushi, ya tuna wanda ya yi fushi ya faɗi, ya haɗiye.

"To ka je ka gaya mata gaskiya," in ji Gana.

"In dubi Inna in ce ni ne? Gara ƙasa ta tsage."

Suka yi shawarar a lallaɓa a mayar da turakun kafin Asabar, tun da sanda za ta ji cokulan. Suka je suka tarar Safiyanu ya kafa bukka a bakin ƙirarensa, wai yana gadin iri, idonsa kuwa ko zakara ya gifta sai ya gani. Suka ce masa kwaɗi suka zo dubawa, suka juyo. Dabara ta rage ɗaya: Badaru ya ɗaura turakun a ƙugu ƙarƙashin babbar riga, in sanda ta nuna wuri ya durƙusa ya yi tono da kansa, ya rufe ramin da riga, ya saki turke ya ciro shi a gaban jama'a.

Asabar da hantsi aka hallara. Ga Bulama a kan kujerar da aka ɗauko masa, ga shaidu, ga 'yan kallo, don labari ya bazu cewa yau sanda za ta yi shari'a. Hajo na zaune can gefe a kan tabarma, lulluɓe da mayafi, Bashira na kusa da ita. Sai ga Badaru cikin babbar riga a tsakiyar laka, yana tafiya a miƙe kamar ya haɗiyi taɓarya. Ya durƙusa gaida suruka da ƙyar, wani abu ya ce ƙwal a ƙugunsa, ya yi tari ya rufe.

Ya kunna sanda ya riƙe ta can nesa da jikinsa, ya shiga shafa ƙasa. Ya wuce ƙiraren Safiyanu, ya ƙara wucewa, ya yi nisa cikin abin da Safiyanu ke kira nasa. Sai tsiii! Mata suka yi guɗa. Badaru ya tattare riga zai durƙusa.

"Dakata," in ji Safiyanu. "Allah ya ba Bulama nasara, shi ya nuna, ni zan tona. Suruki ba ya tono wa surukarsa shaida."

Bulama ya ce wannan magana ce. Safiyanu ya sa fartanya, ya sa hannu, ya yi ta yashe laka. Can ya taɓo wani abu, ya ciro ya ɗaga sama. Cokali.

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce ashe sojan Badaru sun ci shinkafa kafin su tafi. Safiyanu ya fi kowa dariya. Bulama ya ce a gwada ɗaya kusurwar. Badaru ya ja ƙafa, gumi na bin gemunsa, sanda ta sake tsuwa. Safiyanu ya tona. Cokali, ɗan'uwan na farko.

Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Hajo ta miƙo hannu daga cikin mayafi aka ba ta. Ta goge lakar da gefen zane, ta kai kusa da ido.

"Bashira, wannan furen na san shi. Ba cikin kayan da na kai miki ɗaki ba ne?"

Bashira ta karɓa ta duba, ta ɗago ta dubi mijinta. Mijinta na duban sama kamar mai neman jinjirin wata da rana tsaka.

Gana ya ga in aka bar wa Badaru, har magariba ba zai buɗe baki ba, gona kuwa za ta tafi. Sai ya matso.

"Kawo sandar nan, Jauro, ka gaji. Bari ubangijinka ya taya ka."

Ya karɓe ta, ya ɗan shafa ƙasa, sa'an nan kamar da kuskure ya ɗaga faifan ya goga a ƙugun Badaru. Sanda ta ƙwalla ihu. Badaru ya matsa, Gana ya bi shi, ta ƙara. Ya zagaya bayan Bulama, Gana ya bi shi, ta ƙara.

"Jama'a, ga iyakar gona tana gudu! A tare ta!"

Garin zille-zille igiyar ƙugu ta kwance. Turaku huɗu suka zubo ƙasa, suna ƙyallin man inji.

Ba wanda ya isa ya faɗi abin da ya faru a gaban suruka sai abokin wasa, Gana kuwa ya faɗe shi tas, har da ƙari. Ya kwaikwayi yadda Badaru ya ce tantin babban su ne, ya kwaikwayi tafiyarsa da sanƙararren wuya, ya ce shi da ma don a bar alama ya ƙago maganar masu wuri, hikima ce irin ta Barebari. Wannan ta ƙarshe dai ba kowa ya saya ba. Badaru na durƙushe, kansa ya kusa shiga ramin.

Safiyanu ya bari aka gama dariya, sa'an nan ya karkaɗe hannu.

"To Bulama, ka ji da kunnenka. Ƙarfe ba ya ƙasa, yana ƙugun surukinta. Cokali kuwa shi ya binne da hannunsa. Wanda ya iya binne cokali a nan, ai zai iya binne shi a tsakar gidana ya ce nan ce iyaka."

Bulama ya shafa gemu. Ya ce abin da ciwo, amma maganar Safiyanu na kan hanya, cokalin jiya ba ya zama shaidar shekara hamsin. Bashira ta fara share hawaye. Badaru ya ji da ma wuyan nasa aka murɗe gaba ɗaya.

Hajo ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi surukinta ba.

"Bulama, a tambayi Malam. Ramin da ya ciro ƙarfe, cikinsa ya sa cokalin, ko gefe?"

"Cikinsa ne, Inna," in ji Badaru, yana gaya wa ƙasa. "Har gindi. Tsoro bai bar ni na kauce ba."

"To Safiyanu, ɗan nan, ƙara tonawa kaɗan. Kai ka ce kai za ka tona."

Safiyanu ya koma ramin yana gunaguni. Ya yashe laka, ya wuce inda cokali ya kwanta, sai fartanya ta ce ƙaras. Ya sa hannu ya ciro, hannun ya fito baƙi ƙirin. Gawayi ne, a jibge, an danne shi da sakaina.

"Ƙarfe ana iya zare shi," in ji Hajo. "Shi ya sa ake shimfiɗa masa gawayi, shi ba ya ruɓa, ba kuma mai sha'awarsa. Wannan na itacen ƙirya ne, daga maƙerar mahaifinka. Shi ya auno shi, ni na ɗauko a ka ina amarya, shi ya zuba da hannunsa. Ka san gawayin gidanku ko sai an kira yayarka?"

Aka tona ɗaya ramin, gawayi ya fito. Safiyanu ya tsaya yana duban tafin hannunsa. Can ya ce ruwan bana ya rikita kowa, shi da ma ya ce ƙiraren nan kamar sun ɗan shiga. Bulama ya ce to su fita yanzu tun da ƙafarsu lafiya. Safiyanu ya tuge su da kansa.

Bashira ta karɓi cokulanta ta ƙulle a bakin mayafi. Da ta zo gifta mijinta sai ta ce a hankali, "Sauran biyun ma a tono min. Kuma kai za ka je ka ba Zainaba haƙuri, ni ban san da wane baki zan fara ba."

Aka kawo turaku za a mayar. Bulama ya ɗauki ɗaya yana aunawa a hannu.

"Hajo, wannan kuwa ƙirar mahaifin Safiyanu ce? Ban taɓa ganin maƙeranmu sun yi irin wannan lanƙwasa ba."

"Ba ƙirar nan ba ce. Marigayi ya ce kakansa ne ya tsinto su yana yaro, a inda sojan Nasara suka tashi. Shekara da shekaru da su ake ɗaure jaki a gidan, kafin a kawo su nan."

Badaru ya ɗago kai. Tun da ya auri Bashira bai taɓa duban fuskar surukarsa ba sai ranar, ya kuwa dube ta baki buɗe har ta ja mayafi.

"Gana! Ka ji? Ka ji da kunnenka?"

"Na ji jaki."

Badaru ya rarrafa wajen Bulama ya yi masa raɗa: ko za a roƙi Inna ta bar masa ɗaya tak, ya kawo rodi sabo mai kauri a sa a madadinsa. Bulama ya isar da saƙo da ƙarfi yadda kowa zai ji. Hajo ta danne dariya, kafaɗunta na motsi a cikin mayafi.

"A gaya wa Malam gona ta fi shago iya ajiya. In ya yi marmarinsu ya zo da sandarsa ya gaishe su daga sama, yanzu ai ya san hanya. In zai zo ya taho da fartanya, alkama na son hannu."

Haka Badaru ya tuɓe babbar riga ya shiga rami. Ya kafa turke na farko a kan gawayi, ya shafa kansa kamar mai sallama da ɗa, ya tura ƙasa. Kafin ya kai na huɗu tafin hannunsa ya yi bororo. Gana na tsaye a inuwar Bulama yana fifita da hula.

"Bulama, a shaida. Yau na ga Bafulatani ya shiga gonar mutane ya ƙara mata wani abu."